Takardar PDF da take canza kama a wata na'ura: abin da kowa ya gani

Mai tsara littattafai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya fuskanta game da takardar da take fitowa daidai a kwamfutar wanda ya tsara ta, amma da zarar an buɗe ta a wani wuri sai haruffan su sauya, layuka su goce. A aikina, duk fayil ɗin da aka turo mini ina fara buga `pdffonts littafi.pdf` a layin umarni kafin in duba shafi ko ɗaya. Umarnin yana cikin kayan aikin Poppler, wato tarin manhajojin sarrafa PDF, kuma yana jera kowane salon rubutu (font) da ke cikin takardar. Abin da nake kallo a jadawalin da yake fitarwa shi ne ginshiƙin `emb`: idan aka rubuta `no`, to ba a saka salon a cikin fayil ɗin ba, sunansa kawai aka ambata, kuma duk na'urar da ba ta da shi za ta aro wani ta maye gurbinsa. Kyawun da takarda ta yi a allon mai ita ba shaida ba ce, domin salon yana girke a kwamfutarsa.

Malamar makaranta:
Wa alaikumus salam, Malam. Na gamu da wannan a takardun jarrabawa da wani wurin buga takardu ya dawo mana da su, inda ɓ da ɗ da ƙ suka zama akwatuna marasa komai. Da na bincika, sai na ga an yi amfani da Helvetica ba tare da an saka shi ba. Yana cikin salo 14 da tsarin PDF ya ɗauka tun farko cewa kowace manhajar karatu tana da su, kuma babu haruffanmu masu lanƙwasa a cikinsu. Yanzu kafin in zaɓi salo ina tambayar Fontconfig, manhajar da take lura da salon da aka girka a kwamfuta, waɗanne ne suke da haruffan Hausa da `fc-list :lang=ha`, ko kuma in nemi harafi ɗaya da lambarsa ta Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba, misali `fc-list :charset=199` domin ƙ. DejaVu Sans da Noto Sans da Charis SIL duk sun cika wannan sharaɗi a wurina.

Mai kula da kwamfutoci:
Malama, ki ƙara da `fc-match Helvetica`, zai nuna miki salon da na'urarki take sakawa a madadinsa, haka ma `pdffonts -subst`. Idan kuma kin girka sabon salo bai bayyana ba, `fc-cache -f` yana sabunta jerin.

Ma'aikacin adana takardu:
Ni damuwata tana kan ginshiƙin `uni` na `pdffonts`, mai nuna ko salo yana da taswirar ToUnicode, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi. An taɓa kawo mana tarin rahotanni da suke karantuwa tsaf a ido, salo kuma an saka shi, amma da na gwada `pdftotext`, umarnin da yake ciro rubutu daga PDF, sai ya fito da tarkacen alamomi. Dalili shi ne babu taswirar ToUnicode da za ta haɗa siffar harafi da ainihin harafin, saboda haka ba a iya neman kalma a ciki, ba a iya kwafe ta, kuma manhajar da take karanta wa makafi rubutu ba ta da abin da za ta faɗa. Wannan na ƙarshen ne ya fi taɓa ni. Ga wanda ya ga haruffa shida manya da alamar + a gaban sunan salo, kada ya tsorata: alama ce cewa haruffan da takardar ta yi amfani da su kaɗai aka saka, wanda yake rage nauyin fayil amma yake wahalar da gyara daga baya. Tsarin PDF/A na adana takardu, wanda ya fito a 2005, ya wajabta saka dukkan salon rubutu, shi ya sa shi muke nema.

Mai tsara littattafai:
Na gode ƙwarai. Akwai masu cewa Ghostscript, manhajar da take sake fitar da fayil ɗin PDF, yana magance komai da `-dEmbedAllFonts=true`. Na gwada, yana aiki ne idan salon na asali yana kan na'urar; idan babu shi, makamancinsa yake sakawa, sai `emb` ya koma `yes` alhali haruffan ba na marubucin ba ne. Na fi son in koma takardar asali. Idan ta Word ce, `unzip -p takarda.docx word/fontTable.xml` yana nuna sunayen salon da aka ambata a ciki.

Mai kula da kwamfutoci:
Haka ne, Malam. Wani lokacin kuma salon ne da kansa yake hana a saka shi. Na sha ganin manhaja ta ƙi saka wani salo ba tare da ta yi bayani ba, sai da na buɗe shi da `ttx -t OS/2` na fontTools, kayan aikin binciken fayil ɗin salo, na duba `fsType`, lambar da take nuna izinin saka salon. Idan 0 ne babu takunkumi, idan 2 ne mai shi ya hana sakawa sai da izininsa. A irin wannan hali ban yarda a sauya lambar ba, domin keta lasisi ne. Ina canza salon ne zuwa wanda yake da lasisin OFL, lasisin kyauta da ya yarda a saka salo a cikin takarda, in sake fitar da takardar, in kuma duba ta da `pdffonts`.