Kuɗin ɗumama gida a Ingila ya fi ƙarfina, ina mafita?

Sabon Zuwa, Leeds:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan ne hunturuna na farko a Ingila tare da iyali, kuma tun daga watan Nuwamba kuɗin gas da lantarki yake neman cinye abin da muke warewa na cefane. Gidan da muke haya tsoho ne, idan ka kai hannu ƙarƙashin ƙofar shigowa za ka ji iska tana busowa kamar an buɗe firji. Na sayi hita ta lantarki don mu riƙa kashe boila, wato na'urar gas da ke dafa ruwan ɗumama gida, amma ban ga sauƙi ba, har na fara tunanin hura gawayi a kasko kamar yadda muke yi a Kano. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a nan.

Uwar Yara, Bradford:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don girman Allah ka cire maganar gawayi daga ranka. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, kuma ko a gida da ɗakunanmu ke da kafofin iska ana rasa rayuka ta haka, balle a nan da tagogi suke a toshe ruf. Ka duba ko akwai ƙararrawar gano wannan iska a ɗakin da boila take, domin tun Oktoban 2022 doka ta ɗora wa mai gidan haya nauyin sanya ta.

Mai Gyaran Boila, Manchester:
Malam, hitar nan ce take cin kuɗinka, saboda farashin lantarki a nan ya kai kusan ninki huɗu na gas. Ka koma wa boila, ka saita zafin gida tsakanin digiri 18 zuwa 21, amma kada ka yi ƙasa da 18 tunda akwai yara, ga shi sanyi da danshi suna haifar da fumfuna a bango. Idan boilarka irin wadda ba ta da tankin ajiye ruwa ce, ka rage zafin ruwan da ke zagaya radiyeta, wato ƙarfen jikin bango da ke ɗumama ɗaki, zuwa digiri 60. Gidan zai ɗauki ɗan lokaci kafin ya ɗumama, amma gas ɗin da za ka ƙona zai ragu. Ka shafa kowace radiyeta, idan ƙasanta da zafi samanta kuma da sanyi, iska ce ta taru a ciki, sai ka murɗa ɗan makullin gefe har ta gama huci ruwa ya fara ɗiga. Ƙarƙashin ƙofa kuwa, tsohon bargo da aka naɗe ya isa ya toshe shi, a kuma ja labule da magariba.

Ɗalibi, Sheffield:
Abin da zan ƙara, Yaya, shi ne iyakar farashin da hukumar Ofgem mai kula da harkar gas da lantarki take sanyawa tana kan kowane ma'aunin gas ko lantarki da ka yi amfani da shi ne, ba a kan jimillar kuɗin wata ba. Ka riƙa tura wa kamfaninka lambar mita duk wata, don kada su caje ka da ƙiyasi.

Sabon Zuwa, Leeds:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na bar maganar kasko. Yanzu na shafa radiyetar ɗakin yara, kuma lallai samanta da sanyi.