Bobby Jones gwanin gwanaye ne a golf, ko ɗan gata ne da ya samu hali?

Abba: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau magana ɗaya na zo da ita, mai ja ya ja. A tarihin golf kaf ba a yi kamar Bobby Jones ba, har da manyan zakarun da suka zo bayansa, su Jack Nicklaus da Tiger Woods. Jones ɗan Atlanta ne a Amurka, an haife shi 1902, daga 1923 zuwa 1930 ya ci manyan kofuna 13 kuma ko sisi bai karɓa ba na ladan gasa don shi bai ɗauki golf sana'a ba. A 1930 kaɗai ya haɗa huɗun da ake ji da su a lokacin, British Amateur a St Andrews, British Open a Hoylake, US Open a Interlachen, US Amateur a Merion, duk cikin shekara guda kuma a jirgin ruwa ake tsallaka tekun lokacin, sannan yana ɗan shekara 28 ya ajiye sanda ya koma ofishinsa na lauya. Har yau ba wanda ya sake haɗa su.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Abba ɗana, bugu kam ya iya, ban ja ba. Amma wannan ƙin karɓar kuɗin da kake ɗagawa sama shi ne ban yarda da shi ba. Ni na ɗauki jakar sanduna a filin golf tun ina yaro, na san wa ke buga wasan nan don nishaɗi na kuma san wa ke bi a baya da kaya a kafaɗa. Baban Jones lauya ne, gidansu a gefen filin East Lake yake, yaro ya tashi ƙwallo na ƙofar gida, ga ƙwararren kulob ɗin Stewart Maiden ɗan Sikotilan yana bin sa yana kwaikwayon bugunsa. Wanda ya ƙoshi shi ke cewa a bar tuwon ya huce. Da zai kwana da yunwa in bai ci gasa ba, da mun ga ko zai bar kuɗin a tebur.

Injiniya Lawal: Malam ya taɓo gefe ɗaya, ni lissafin ne ma bai min ba. 13 ɗin nan a warware su. US Amateur biyar, British Amateur ɗaya, shida kenan, kuma a waɗannan gasannin ba a barin masu cin abinci da golf su shiga, babu manyan ƙwararrun lokacin, babu Walter Hagen babu Gene Sarazen. To saura bakwai. Nicklaus 18 gare shi Tiger 15, duk a gaban ƙwararru suka ci. Kuma kar a manta a 1926 a Florida an haɗa Jones da Hagen su biyu, ramuka 72, Hagen ya wuce shi da ramuka 12 saura 11 ba a buga ba aka tashi. Wannan ba ƙaramin kaye ba ne.

Abba: Injiniya to mu tsaya a bakwai ɗin ma. British Open sau huɗu kacal ya shiga a rayuwarsa, ya ci uku, 1926, 1927, 1930. US Open kuma daga 1922 zuwa 1930 sau tara ya buga, sau takwas ko shi ne na ɗaya ko na biyu, huɗu ya ɗauka. Hagen ɗin da kake kira yana da manyan kofuna 11 amma bai taɓa cin US Open ko British Open da Jones ke ciki ba, na Birtaniyan nan huɗu da ya ci, 1922, 1924, 1928, 1929, duk shekarun da Jones bai je ba ne. Kuma gasar PGA, ta ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf, an hana Jones shiga tunda ba ɗan sana'a ba ne, gasar Masters kuwa babu ita ma lokacin, shi ya kafa ta daga baya. Wato biyu kaɗai ke buɗe masa cikin waɗanda kuke ƙirga wa su Nicklaus.

Injiniya Lawal: Shekara takwas ce fa kawai Jones ya yi yana ci Abba. Nicklaus ya fara ci 1962 ya ci na ƙarshe 1986 yana da shekara 46. Daɗewa ana ci ita ma gwaninta ce.

Barista Maryam: Ku bari in sa baki. Baba Habu, ina girmama maganarka, gata kam ya samu ba mai musu. Amma 'ya'yan masu hali nawa ne a Amurka a lokacin da suka samu irin gatan nan suka ƙare ba a san sunansu ba? Abin da ke burge ni, a cikin shekarun nan da yake doke ƙwararru yana makaranta ne, ya gama injiniyanci a Georgia Tech, ya je Harvard ya karanta adabin Ingilishi, ya shiga karatun lauya a Emory bai ma gama ba ya zauna jarabawar lauyoyi ya ci. Su Hagen shekara cur suna kan fili, shi kuwa damina ɗaya zai fito ya yi 'yan gasanni ya koma littafi.

Kuma ga abin da nake so kowa ya duba. US Open ta 1925 a Worcester, zagayen farko, rami na 11, ƙwallonsa na cikin ciyawa ya kafa sanda zai buga sai ta ɗan motsa. Ba wanda ya gani, alƙalan wasa sun tambayi mutanen wurin ba wanda ya ce ya gani, suka bar masa zaɓi, shi ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya na hukunci. Da aka gama ramuka 72 sai ga shi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka je raba gardama ya sha kaye da bugu ɗaya. Ba don wancan hukuncin da ya ɗora wa kansa ba da kofin nasa ne. Da ake yabonsa ma bai ji daɗi ba, ya ce kamar a yaba wa mutum ne don bai yi fashi a banki ba. Wannan ba kuɗin uba ke saya wa mutum shi ba Baba.

Malam Habu: 'Yata Barista, wannan gaskiya ce kuma duk wanda ya yi aiki a fili ya san nauyinta, don mu masu ɗaukar jaka mu muke ganin wanda ke tura ƙwallo da ƙafa in ya ga ba kowa, manya da rawani da muƙami na gani da idona suna yi. Jones mai amana ne, na ba shi. Amma maganata ba kan halinsa take ba, kan dokar da ta ɗaga shi take. Ki duba Francis Ouimet. Yaron talakawa ne, jaka yake ɗauka a Brookline, a 1913 yana ɗan shekara 20 ya doke Harry Vardon da Ted Ray manyan Ingila ya ci US Open, shi ma ba kuɗi ya karɓa ba. A 1916 hukumar golf ta Amurka ta cire shi daga sahun masu wasan sha'awa, laifinsa kawai ya buɗe shagon sayar da kayan wasanni don ya ci abinci. Daga baya sun mayar da shi, amma ki ga yadda abin yake, mai gado ya buga a kira shi mai tsarkin zuciya, talaka ya nemi na cefane a ce ya ɓata wasa. Sannan ga Johnny Goodman, maraya daga Omaha shi ma ɗan jaka, shi ya fitar da Jones a zagayen farko na US Amateur 1929 a Pebble Beach, a 1933 ya ci US Open, kuma shi ne na ƙarshe da ya ci ta ba tare da yana ɗan sana'a ba har yau. Wa ke kiran sunansa? In ana maganar wanda ya bar kuɗi alhali yana buƙata, su ne, ba Jones ba.

Sani Zinder: Ni sabo ne a wasan nan, tambaya nake. Wato har ya mutu bai ci komai da golf ba kenan?

Injiniya Lawal: Ina! Ya ci sosai ma Sani. Yana ajiye gasa a ƙarshen 1930 ya sa hannu da kamfanin Warner Brothers suka yi gajerun finafinan koyar da golf, ya kuma yi aiki da Spalding suna ƙera sanduna da sunansa a jiki. Sunan da ya yi lokacin ba ya karɓar kuɗi shi ya sayar daga baya.

Abba: Amma a fili ya yi, ya sanar ya bar gasa ya bar matsayin nasa kafin ya taɓa kuɗin, bai ci ta ƙarƙashin ƙasa yana rantsuwa bai ci ba. Kuma tun yana wasa mutanen Atlanta sun tara masa dala dubu 50 ya sayi gida bayan nasarar 1927, da ya ga abin zai jawo magana ya mayar musu. Dala dubu 50 a wancan zamanin fa Injiniya, ga mai sabon aure da yara ƙanana.

Hajiya Rabi: Na yi shiru ina karantawa amma akwai abin da duk kun tsallake kuma ni shi ya fi ci min rai. Abba, ka ce shi ya kafa Masters, haka ne, shi da Clifford Roberts suka gina Augusta National a Jojiya, Alister MacKenzie ya zana filin tare da shi, aka fara gasar 1934. To daga 1934 har Jones ya rasu a Disambar 1971 baƙar fata ko ɗaya bai buga Masters ba. Ɗaukar jaka kam baƙaƙe ne kaf, nan an yarda da su. Charlie Sifford, ɗan golf baƙar fata, ya sha wuya kafin ƙungiyar PGA ta soke dokar farar fata zalla a 1961, ya ci gasar Hartford 1967 ya ci Los Angeles Open 1969, ba a gayyace shi ba, kuma Jones na raye shi ne shugaban kulob ɗin. Sai 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya shiga gasar. Mamba baƙi na farko a kulob ɗin sai 1990, mata sai 2012 da aka ɗauki Condoleezza Rice da Darla Moore. Mutumin da ƙwallo ta motsa kaɗan ya kasa barci sai ya hukunta kansa, yaya aka yi wannan babban rashin adalcin a gidansa bai hana shi barci ba? Ni wannan tambayar ce ke hana ni kiransa gwanin gwanaye da cikakken baki.

Barista Maryam: Hajiya wallahi wannan ta zauna, ba zan kare shi a kai ba. Abin da zan ƙara kawai, Roberts ne ke riƙe da ragamar gasar yau da gobe, Jones kuma tun 1948 ciwon laka ya kama shi, daga sanda zuwa keken guragu har hannunsa ya kasa riƙe alƙalami, sama da shekara ashirin yana fama. Amma kafin ciwon yana da lafiya yana da murya, har yaƙin duniya na biyu ya je ya sauka Normandi a 1944, don haka uzurin bai rufe duka ba.

Abba: Hajiya na ji, kuma ciwo ne a gare mu duka, ni ma da na je ƙofar Augusta a zamaninsa jaka za a miƙo min. Sai dai kudancin Amurka ne na lokacin wariya, dokar jiha ce ta raba makaranta da mota da wurin cin abinci, ba shi ya ƙirƙiro ba. Kuma mutum ne da aka ga yana gyara kansa. Yana saurayi zuciya gare shi, jifa yake da sanda in bugu ya ƙi, a 1921 a St Andrews wasa ya cuɗe masa a zagaye na uku ya ɗauke ƙwallonsa a rami na 11 ya fice daga gasar, abin kunya ne babba a golf. Wannan garin dai ya koma ya ci kofi 1927 ya sake ci 1930, har a 1958 suka ba shi 'yancin zama ɗan gari, kafin shi Benjamin Franklin kaɗai ne Ba'amurken da suka yi wa haka.

Hajiya Rabi: To ai ka ƙara min hujja ƙanena. Wanda ya iya danne zuciyarsa haka, ya iya mayar da dala dubu 50, ba ƙarfin hali ya rasa ba. Wasiƙa ɗaya ta gayyata ce Sifford yake jira.

Malam Habu: Ita ce maganar Hajiya. Kuma ranar da Tiger ya ci Masters 1997 da tazarar bugu 12, da bakinsa ya kira sunan Sifford da Elder ya gode musu, Elder ma yana wurin a tsaye. Mu da muka ɗauki jaka mun san me ranar take nufi.

Injiniya Lawal: Abba ni dai in za ka ce shi ne mafi girma cikin waɗanda ba su ɗauki golf sana'a ba, hannu biyu zan sa maka, tun 1930 ba wani irinsu da ya sake cin British Open. Amma ka cire Nicklaus da Tiger daga maganar.

Abba: Ba zan cire ba Injiniya. A ba Tiger sandar icen hikori irin ta su Jones wadda ke lanƙwasa a hannu, a sa shi jirgin ruwa kwana da kwanaki, a ce ya riƙa zuwa ofis yana duba shari'a sannan ya fito ya ci huɗu daga Mayu zuwa Satumba. Shi Tiger da ya riƙe huɗunsa a lokaci guda sai da ya haɗa da shekara biyu, uku a 2000, Masters a 2001.