Ƙanwata na da ciki wata 8 a Monguno, in ɗauko ta ko in bar ta?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa don Allah shawara nake nema. Ƙanwata tana aure a Monguno ta jihar Borno, mijinta sana'ar bandar kifi yake, cikinta ya shiga wata 8 kuma haihuwar fari aiki aka yi mata, yaron ko shekara 2 bai cika ba, ga shi a wurin awo sun ce jininta na hawa. Ni ina Kano ina da ɗakin da zan sauke ta amma mijin ya ce ta zauna tunda garin cike yake da sojoji kuma akwai asibiti, shi hanya yake tsoro. Wanda ya san can ya faɗa min, in matsa a taho da ita yanzu ko in haƙura?

Baban Sadik: Ta dage da addu'a tana shan rubutu, iyayenmu duk a ɗaka suka haife mu.

Hajjo ta Gwange: Malam ba ka ji an ce aiki aka yi mata ba? 'Yar uwa ki ɗauko ta ko bashi za ki ci. 'Yar yayata shekararta 16 lokacin, suna sansani a wani gari da sojoji suka zagaye da rami, naƙuda ta kama ta bayan magariba, ga dokar hana fita, masu tsaron ƙofa suka ce ba mai wucewa sai gari ya waye, gari ya waye aka ce ba mota sai ranar da za a yi rakiya. Kwana 2 tana durƙushe. Da aka kawo ta Maiduguri ɗan ya riga ya koma, ita kuma yoyon fitsari. Wata 7 ta yi a wurina, leda nake shimfiɗa mata a ƙarƙashin tabarma, kullum igiyar shanyata cike da tsumma, ta daina shan ruwa wai don kar ta jiƙa zani har leɓenta ya tsage. Mijin ko a waya bai neme ta ba, saki ya aiko. Sai a asibitin Babbar Ruga ta Katsina aka gyara ta. Har yau in ta ji jiniya jikinta rawa yake.

Ummu Nana: Innalillahi. Allah ya saka mata Hajiya.

Direban Tashar Baga: Monguno zuwa Maiduguri dubu 8 ne, ta Gajiram da Gajiganna, ku fita da sassafe kawai.

'Yar Bulumkutu: Wane dubu 8, mamata 12 ta biya kuma mai ciki ai kujerar gaba za a saya mata ita kaɗai. Aikin ma ki tanadi dubu 400.

Ummu Nana: Ni 170 na biya bara har da jini leda 1. Kuma ai ministan lafiya Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024 cewa aikin haihuwa kyauta ne ga marasa ƙarfi.

'Yar Bulumkutu: Ba kowane asibiti ba ne, ni har safar hannu da allura sai da na saya.

Tsohon Soja: 'Yata ki bar ta inda jami'ai suke. Na yi Darfur a 2009 ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta UNAMID, mu ke raka mata itace, motarmu a gaba su a baya da jakuna, ranar da ba mu fita ba ranar ake tare su. Mace a gefen soja ta fi mace a kan titi. Kun manta Auno ta kusa da Maiduguri a Fabrairun 2020, matafiya sun tarar an rufe hanya suka kwana a mota aka zo aka ƙone su, aka tafi da mata da yara?

Ɗan Kurna: Baba soja wai Darfur ɗin nan kafin Gajiram take ko bayanta? 😂

Hajjo ta Gwange: Kai yaro ba wurin wasa ba ne nan.

Nas Falmata: Baba da girmanka, bindiga ba ta tsayar da zubar jini. Shekara 11 ina karɓar haihuwa. Mai tabon aiki da bai kai shekara 2 ba mahaifa na iya fashewa, ga hawan jini ga tsoron jijjiga, ita dole ta kwana kusa da ɗakin tiyata da jini a firji. A tambaya tukuna, da dare akwai likitan da ke yin aiki a can? Tun da Amurka ta yanke tallafi a 2025 wurare da yawa sun rage ma'aikata. Mu kanmu tun da aka sace ma'aikatan lafiya Saifura da Hauwa Liman a Rann a 2018 aka kashe su, ba kowa ke yarda a tura shi ƙauye ba.

Tsohon Soja: Ke asibiti kika sani, ni na san hanya.

Hajjo ta Gwange: To Baba su wa ke tsaron matan daga masu tsaron? A sansanin da yarinyar nan ta zauna mai rabon katin abinci sai ya ce wa bazawara ki zo da daddare ki karɓa, wadda ta ƙi sunanta ya ɓace a takarda. Na san yara 3 da aka haifa haka, uban an canza masa wurin aiki ya tafi.

Nas Falmata: Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta wannan tun 2016, mata 43 a sansanonin Maiduguri. Don Allah duk wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta cikin awa 72, akwai maganin kariya daga ƙanjamau, kunya ke sa a zo mana bayan ciki ya fito.

Maman Iman: Na gode, amma har yanzu ban san me zan ce wa mijin nata ba. Ko ta tsaya Maiduguri ne kar ta zo Kano?

'Yar Bulumkutu: Ku da ma ana rabon. Mu tun da aka rufe sansanin Bakassi a 2021 ko mudun masara ba mu sake gani ba, haya kuma ta ninka bayan ambaliya, Hajjo a Gwange nawa ake ba da ɗaki ɗaya yanzu?