Taimaka wa ɗalibi da aikin gida: a ina yake zama maguɗi?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Malamai, don Allah a warware mana. Yaro ya dawo da aikin gida, yayansa ko malamin lesin ya sa masa hannu, ko ya tambayi ChatGPT. Taimako ne ko satar amsa?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Abin dubawa shi ne wa ya yi tunanin. A ce an ba shi 3x + 5 = 20. Kada ka taɓa wannan. Kawo makamancinsa, 2x + 4 = 10, ka nuna masa yadda ake cire 4 daga kowane ɓangare, a raba da 2, a sami 3. Sai ka kifa takardar ya koma kan nasa. In ya kuskure, nuna masa layin kawai, shi zai gyara. Amma ka rubuta masa x = 5 ya kwafa, wannan maguɗi ne. Illar ba ta tsaya kan maki ba: malami zai ga duk aji sun ci, ya wuce darasi na gaba, yaron kuwa an bar shi a baya ba wanda ya sani.

Malamar Jami'a:
Gaskiya ne, Malam. A jami'a abin ya fi nauyi, don asaimen yana cikin makin CA, wato makin ayyukan da ake yi kafin jarrabawar ƙarshen zango, sau da yawa 30 ko 40 cikin 100. Gyaran nahawu, ko wani ya karanta ya ce nan bai fito ba, ba laifi. Biyan kuɗi a rubuta maka furojet kuwa ha'inci ne, ko da Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, bai kama ba, tunda shi kamannin rubutu yake nunawa. ChatGPT kuma yakan ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su. Ranar da ɗalibi zai kare aikinsa a gaban malamai, tambaya ɗaya ke tona asiri: me ya sa ka zaɓi wannan hanyar tattara bayanai?

Jami'in Jarrabawa:
A raba aikin gida da ɗakin jarrabawa. A WAEC ko NECO ko JAMB, ko raɗa aka yi maka laifi ne, akwai dokar 1999 a kansa, kuma ana iya soke sakamako. Na gida kuwa ƙa'idar malamin da ya bayar ake bi. Ɗalibi ya tambaye shi tun kafin ya fara: an yarda a yi a rukuni? An yarda a duba intanet? In an yarda a tattauna, a tattauna, amma kowa ya rubuta nasa shi kaɗai.