Waɗanda suka kalli Sunset Boulevard, ku zo mu ji ta bakinku

Baban Halifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa zama suka kalli Sunset Boulevard, fim ɗin da Billy Wilder ya ba da umarni, kamfanin Paramount ya fitar a 1950. Baƙi da fari ne, cikin jerin finafinan nan masu duhu da inuwa da ake kira film noir. Labarin wani marubucin fim ne, Joe Gillis, wanda aiki ya yanke masa. Masu bin bashin mota suka fafaro shi, taya ta fashe, ya faɗa wani katafaren gida da ya zaci kango ne. Ashe gidan Norma Desmond ne, jarumar da ta yi tashe lokacin da finafinai ba sa magana, aka manta da ita bayan shigowar sauti. Ta riƙe shi ya gyara mata labarin Salome da take rubutawa domin ta dawo harka. Da gawar Joe a kan ruwa aka buɗe fim ɗin, kuma mamacin ne ke ba da labarin. A wane hali kuka kalle shi, kuma wane wuri ya tsaya muku a rai? Wanda bai kalla ba ya sani za a tona komai a nan.

Alƙalamin Fagge

Wa alaikumus salam. Ni sana'ata rubuta labarin fim, shi ya sa Joe ne ya fara kama ni. Na kalle shi a waya cikin dare, a daidai lokacin da wani furodusa ya karɓi labarina yana ta yi mini gobe jibi, sai ji na yi an fita lokeshin da shi, an sauya sunayen mutanen ciki, ni ko kuɗin kati ban gani ba. Da aka zo wurin da Joe ke tallan labarinsa a ofishin wani furodusa, Betty Schaefer mai tantance labarai ta shigo ta ce labarin ba shi da armashi, ba ta san mai shi na cikin ɗakin ba, sai da na dakatar da fim ɗin na ajiye wayar. Daga neman aiki Joe ya sauko roƙon rancen dala 300, nan ma aka hana shi. Na san yadda muryar mutum ke yin ƙasa a irin wannan wuri.

Amma ba zan wanke shi ba. Tun daren farko ya gane rubutun Salome ba zai kai ko'ina ba, ya yi gum saboda yana cikin matsi. Ba wanda ya ɗaure shi a gidan nan, ƙofofin ɗakunan ma an cire musu makulli saboda Norma ta sha yunƙurin kashe kanta. Ku tuna shagon tufafi, inda mai sayarwa ya matso kusa da kunnensa ya ce tunda Hajiya ce za ta biya, ya ɗauki kwat mai tsadar. Ku dubi fuskar William Holden, wanda ya fito a Joe, a wurin. Ransa ya ɓaci, amma bai fita ba.

'Yar Zazzau

Yaya Alƙalami, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ni da yayar mahaifiyata muka kalla, ina fassara mata, kuma ita ce ta ce mini ba hauka ne ya fara kama matar nan ba, ƙarya aka yi ta ba ta har ta ƙoshi.

Inda ya karya mini zuciya shi ne ranar da Norma ta koma Paramount. Matashin mai gadi bai san ta ba, sai wani tsohon mai gadi ya gane ta ya sa aka buɗe ƙofa. Ta zauna a kujerar darakta, makirfon ɗaukar sauti ya gifto ya taɓa gashin tsuntsun hularta, ta ture shi da hannu. Wani tsohon mai fitila daga can sama ya kira sunanta ya juyo da haske kanta, nan take mutane suka yanyame ta, ta fashe da kuka. A daidai wannan lokacin darakta Cecil B. DeMille yana waya, ya gano cewa kiran da ake ta yi mata daga kamfanin ba don ita ba ne, tsohuwar motarta Isotta Fraschini suke so su yi haya. Ya ƙi faɗa mata, ya rako ta da kalamai masu daɗi. Ta koma gida ta shiga gyaran fata da na jiki ba dare ba rana kamar amaryar da aka sa wa rana, alhali babu wani fim. Shekararta hamsin fa kacal. Ni ina ganin DeMille ya zalunce ta da wannan tausayin.

Dattijon Damagaram

'Yata, ki yi wa DeMille adalci kaɗan. Da ya faɗa mata a gaban jama'a, ai a nan za ta faɗi. Kuma shi ɗin gaske ne ya fito a matsayin kansa, wurin da aka nuna shi yana aiki na fim ɗinsa Samson and Delilah ne. Shi ya ɗaga Gloria Swanson, wadda ta fito a Norma, a zahiri, tun fim ɗin Male and Female na 1919. Tausayin da kika gani a idonsa ina jin ba duka ne wasa ba.

Ni na tashi da silimar da ba ta da rufi, finafinan kaboyi da na Indiya. Wannan sai da na tsufa ɗana ya kunna mini a kwamfuta. Max, baran gidan, shi ya hana ni barci. Mutum ne mai farar safar hannu, yana buɗe ƙofa, yana tuƙa mota, yana shirya jana'izar biri da dukkan natsuwa. Can sai ya gaya wa Joe cewa shi ne daraktan da ya gano Norma tana 'yar shekara sha shida, kuma shi ne mijinta na farko. Wasiƙun masoya da ke zuwa mata kullum, shi ke rubuta su. Ya ajiye sana'arsa da girmansa don kada ta farka.

Erich von Stroheim da ya fito a Max babban darakta ne na gaske. Tsohon fim ɗin da yake haska wa Norma da Joe a falo, Queen Kelly ne, wanda shi da kansa ya ba da umarni, Swanson ce jarumar, kuma aikin ya watse aka cire shi a 1929 ba a kammala ba. Sai ga shi bayan shekara ashirin an tsayar da shi a bayan na'urar haska wannan fim ɗin yana mata hidima. A teburin karta kuma ga Buster Keaton zaune, mutumin da ya taɓa sa duniya dariya, abin da aka ba shi ya faɗa bai wuce kalma ɗaya da ya maimaita ba. Ni da na yi ritaya na ga yadda waya ke daina ƙara, wannan teburin na fi fahimta.

Mai Kyamara

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaukar hoto nake yi, biki da ƙananan finafinai. Hoton farko ne ya ɗaure mini kai: gawa a kan ruwa, ana kallonta daga ƙasa, 'yan sanda da masu ɗaukar hoto a sama. Madubi suka shimfiɗa a ƙasan kwamin ninkayar, mai ɗaukar hoton fim ɗin John Seitz ya ɗauki abin da ke cikin madubin daga sama. Na gwada da baho da madubin ɗaki da 'yar tsanar ƙanwata, kuma ya fito, sai dai ruwan ya kwanta tsit. Asali ma a ɗakin ajiye gawa aka buɗe fim ɗin, gawarwaki na hira, masu kallon gwaji suka yi ta dariya, Wilder ya yanke wurin.

A ƙarshe kuma, bayan Norma ta harbe Joe, Max ne ya tsaya tsakanin kyamarorin 'yan jarida ya ba da umarni, ita kuma ta sauko daga bene a zatonta Salome ake ɗauka. Ba wanda ya motsa a kan matakalar sai ita.

'Yar Zazzau

Baba, na ji, kuma ban ce ya tozarta ta a gaban mutane ba. Amma zai iya zuwa gidanta ya zauna da ita. Max, DeMille, Joe, duk maza uku sun san gaskiya, Joe da ya faɗa mata a ƙarshe kuwa cikin fushi ya faɗa yana haɗa kayansa. Abin ya sa ni tunanin tsofaffin jaruman da muka tashi muna kallo a kaset da faifan CD, waɗanda aka daina kira bayan harka ta koma masu dogon zango a YouTube. Swanson ma ba ta samu Oscar ba a wannan rawar, Judy Holliday aka ba. An zaɓi fim ɗin a rukuni 11, ya ci 3, har da na rubutun labari da na kiɗan Franz Waxman.

Baban Halifa

Na gode ƙwarai. Malam Alƙalami, tunda Joe ne ya taɓa ka, ka nemi In a Lonely Place, shi ma na 1950, na darakta Nicholas Ray. Humphrey Bogart ne marubucin fim mai zafin zuciya da ake zargi da kisa, Gloria Grahame ce maƙwabciyar da ta ba shi shaida, daga baya tsoronsa ya shige ta. In ka kalla ka dawo ka gaya mana wanne a cikin marubutan biyu ya fi kusa da abin da ka gani a harkar.