Gulbin Maraɗi: Kowa Ya Kawo Baitinsa

Ɗan Jibiya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau kogin garinmu na ɗauko, amsa-amon "wa" ne. Wanda ya sha ruwansa ya amsa.

Da sunan Allah zan soma,
Waƙar ruwan da ba ya tsayawa.
A ƙasar Katsina ya taso,
Gada muke ce masa, mu Katsinawa.
Ya ratsa Jibiya ya miƙe,
Ba mai tare shi wurin tsallakawa.

Malam Na-Madarunfa:
Ya iso wajenmu lafiya lau,
Nan Gulbi ne, ba mai musantawa.
Tafkinmu na nan a gefensa,
Kushewar waliyyai na kewayewa,
99 in ji magabata,
Har yau ana zuwa ana gaisuwa.
Da rani kuwa sai yashi,
Mata su tona, ruwa na tsattsafowa.

Inna 'Yar Maraɗi:
Malam, kun bar mini babban kaso.

Da jihadi ya ci birnin Katsina,
Nan sarakunanta suka yo gudowa.
Sarki Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa,
Kurmin fadama na ba shi garkuwa.
Garin a kwari yake tun farko,
Gulbi na ba shi ci da sha da inuwa.
1945 ya tumbatsa,
Ya bi gidaje yana rusawa.
Kakata da tabarma a kanta
Ta hau tudu, ba waiwayawa.
Maraɗin da kuke gani yanzu,
Ruwan nan ne sanadin ginawa.

Bagobirin Tsibiri:
Inna, Allah ya ƙara girma,
Bari Gobir ta sa baki a tattaunawa.
1836 aka yi yaƙin Gawakuke,
Sarki Mayaƙi ya tattara Gobirawa,
Ya zauna Tsibiri bakin gulbi,
Ruwa ɗaya muke sha da Maraɗawa.
To Ɗan Jibiya, ga ƙorafina:
Tun 1989 kuka yi datsewa.
Da can ruwa kan kwanta fadama,
Ya bar mana laka ta shuka dawa.
Yanzu ya zo a makare, ya wuce,
Rijiyar lambu sai ƙara nitsewa.

Ɗan Jibiya:
Yayana, na ji, kuma da gaskiyarka,
Ba zan tsaya ba ina kewayawa.
Dam ɗin ya ba mu noman rani,
Tumatir da albasa da alkama kuwa.
Amma makullin ba ya hannun manomi,
Da ni da kai duk jira muke a buɗewa.

Inna 'Yar Maraɗi:
To a gaya wa masu makullin,
Su saki rabonmu kan lokacin shukawa.
In ya bar Tsibiri, Gidan Rumji zai nufa,
Daga nan Nijeriya yake komawa,
Ya zuba a Rima can ƙasar Sakkwato,
Ku kuka tare, ku ne kuma ke rasawa.

Malam Na-Madarunfa:
Akwai mutumin Sabon Birni a cikinmu? Ya zo ya faɗa mana yadda ruwan ke isa gare su bana.