Ciniki na tafiya amma jari ya ƙi gaba: ina neman shawara a kan teburin agashena a Gadarif

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina gasa agashe, wato tsiren nama irin namu, a Gadarif da ke ƙasar Sudan, sana'ar da na koya a hannun kawuna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan da yaƙin ya ci garin Wad Madani a Disambar wannan shekarar, garinmu ya cika da 'yan gudun hijira, ciniki ya buɗe. Kafin isha nama ya ƙare. Abin da ke damuna shi ne, kuɗin da nake ƙirgawa da dare sun fi na da nesa ba kusa ba, amma teburin yana nan jiya i yau. Yanzu kuma jama'a na komawa Madani da Khartum, ciniki ya fara ja da baya.

Wani abokina ya ce mu haɗa jari mu kama shago mai kujeru da firji. Kwasata a sanduk, wato adashenmu, ta kusa. In shiga ko in dakata? Ku da kuka daɗe a kasuwa, me kuke yi kullum da ya riƙe ku?

Dattijo mai awon hatsi, Gadarif:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin maganar shago, ka daina auna jarinka da jine, kuɗin Sudan. Ka tuna Fabrairun 2021, da gwamnati ta karya darajar kuɗi rana ɗaya, dala ta tashi daga 55 ta koma wajen 375. Tun daga nan ba a daina gangara ba, yaƙi kuma ya ƙara tunkuɗawa. Wanda ya sayar da buhun dawa ya ɗora riba a kan kuɗin da ya saya, in ya koma saro sai ya tarar uwar kuɗin da ribar duka ba su kawo buhun ba. Yana murna, alhali jarinsa yake ci.

Ni da buhu nake lissafi. Kai kuma da kilo za ka yi. Kowane dare kafin ka taɓa ko sisi, ware kuɗin naman gobe a farashin da mahauci zai faɗa maka gobe, ba na jiya ba. Ka ware na gawayi, mai, garin ƙuli, albasa, lemun tsami da ladan yaronka. Abin da ya saura shi ne riba, ko da bai taka kara ya karya ba. Duk ƙarshen wata ka tambayi kanka: jarina kilo nawa zai saya yau, kilo nawa ya saya watan jiya? In kilo bai ƙaru ba, ba ka ci gaba ba, ko da aljihu ya kumbura.

Sannan abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar gyaɗa da busasshen barkono, ka saye shi da kaka ka adana. Gawayi ka tara kafin damina, ka san yadda laka ke datse hanyoyin ƙauyukanmu.

Hajiya mai godogodo, Kasala:
Ɗana, Baba ya gama magana a kan lissafi. Ni gida zan taɓo, don nan jarin yawancinmu yake zurarewa. Ka yanka wa kanka albashi, kaza kullum, shi za ka kai cefane. In 'yan uwa sun zo da buƙata, kuma za su zo, wannan zamani ba wanda bai da baƙi a gida, ka ba su daga rabonka da zuciya ɗaya. Amma kuɗin nama ba naka ba ne, na tebur ne.

Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, ya sauƙaƙa mana, ya kuma rikita mu. Asusu ɗaya, nan ciniki ke shiga, nan ake tura na magani da na makaranta, wata ya ƙare ba ka san wanne ne wanne ba. Ka raba su. Kuma kada ka miƙa nama don an haska maka hoton ish'ari, wato shaidar an tura kuɗi, a waya, sai ka ga kuɗin a naka asusun. Ka riƙa ajiye ɗan tsabar kuɗi a hannu, don ba mu manta Fabrairun 2024 ba, da layukan waya suka ɗauke aka rasa yadda za a biya ko kuɗin burodi.

Bashi kuwa hanji ne, ba a hana shi gaba ɗaya. Sai dai a rubuta a gaban mai ci, a sa masa iyaka. Wanda bai biya na farko ba, a gaisa lafiya, amma ba na biyu.

Wani matashi, Bur Sudan:
Da girmamawa ga manya, ni ina ganin ya shiga. Kuɗin sanduk in ya kwana a hannu narkewa yake. Gara ya zama firji da kujeru.

Dattijo mai awon hatsi:
Yaro, rabin maganarka gaskiya ce, kada ya bar kuɗin zaune. Amma shago haya ce kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma shi da bakinsa ya ce masu sayen suna komawa garuruwansu. Ba a kama haya a kan baƙin da suka ɗaure kaya. Firji kuma da wace wutar? Sai ya haɗa da na'urar hasken rana, ya sa wannan a lissafi. In ya sayi firjin shi kaɗai ya ajiye a gida, zai iya saro nama da yawa a farashi mai sauƙi, wanda ya kwana kuma ba zai zama asara ba. Shago ya jira har a ga adadin mutanen gari da suka rage masa.

Malami, Mai Wurno:
In ma daga baya ka yi haɗin gwiwar, malam, ku rubuta da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, balle tarayya. Ku fayyace abin da kowa ya kawo, wa zai tsaya a wuta, wa zai riƙe kuɗi, da yadda za a rabu in ta kama. Asara gwargwadon jarin kowa ake ɗaukarta. Na sha zama sulhu tsakanin aminai, kusan kullum babu takarda.

Wata 'yar uwa, Gadarif:
Ni mai saye ce kawai. Don Allah komai tsada kada ka rage yaji ko ka sirka nama. Ka ƙara kuɗi ka faɗa mana gaskiya, za mu fahimta. Ranar da ɗanɗano ya canza muke canza tebur.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba, daren nan zan fara lissafin kilo, kuma zan gaya wa abokina mu dakata zuwa bayan kaka. Hajiya, albashin nan nawa zan yanka, tunda riba ba ta tsayawa wuri ɗaya?

Hajiya mai godogodo:
Ka duba ribar ranar da kasuwa ta fi mutuwa a mako, ka yanka ƙasa da ita kaɗan. Rarar ranar Alhamis da Juma'a ta koma tebur. In farashin cefane ya motsa, sai ka sake dubawa farkon wata.